Nana Asma'u 'Yar Shehu: Marubuciyar Da Ta San Don Wa Take Rubutu



A kowace unguwa akwai macen da in an kai akushinta gidan biki, tun ba a faɗi daga inda ya fito ba, da an ɗanɗana miyar sai a gane hannunta ne. Haka mai saƙar faifai take, haka mai ɗinkin hula. Kowace da hannunta, kuma wannan hannun shi ne tambarinta, shi ke sa a tsallake gida goma a zo nata. To, rubutu ma haka yake. Akwai marubucin da in an karanta abin da ya rubuta, ko babu sunansa a jiki, sai a san daga inda ya fito da kuma abin da yake nufi da mutane. Yau za mu ba ki labarin wata baiwar Allah da ta sami irin wannan hannu, har ga shi fiye da shekara 160 da rasuwarta ana karanta ta. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Watakila kin sha jin sunanta, domin makarantun 'yan mata da yawa suna ɗauke da shi. Amma abin da muke so ki lura da shi yau shi ne yadda ta zaɓi mutanen da za ta yi wa rubutu, ta zaɓi abin da za ta gaya musu, sa'an nan ta tsaya a kai fiye da shekara 40 ba ta kauce ba.

Gidan da ta tashi

An haifi Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Kin san a al'ada in an haifi tagwaye sunayensu a shirye suke, amma ita sai mahaifinta ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Sunan mahaifiyarta Maimuna, kuma ta rasu tun Asma'u tana ƙarama, saboda haka sauran matan Shehu ne suka rene ta.

Gidan da ta buɗe ido a ciki gida ne na allo da tawada, maza da mata duk karatu suke yi. Yayarta Hadiza malama ce sananniya. Shi kuwa Shehu, a littafinsa Nurul Albabi, ya yi kakkausan faɗa ga malaman da ke tara almajirai a zaure suna koya musu karatu, alhali kuwa sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. A irin wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da hadisi da sauran fannoni, ta iya Larabci da Fillanci da Hausa da harshen Buzaye.

Kada ki ɗauka a kan kilishi ta yi wannan karatu. Tana da wajen shekara 11, a watan Fabrairu na 1804, jama'ar Shehu suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Daga nan yaƙi ya ɓarke. An yi nasara a Tabkin Kwatto, amma a ƙarshen wannan shekarar aka yi babbar asara a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane kamar 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Shekaru suka yi ta wucewa ana tashi daga wannan zango zuwa wancan, ga yunwa, ga cuta, ga fargaba. Yarinya ta ga mata sun zama zawarawa dare ɗaya, ta ga marayu, ta ga yadda ake ɗaure littattafai a kan dabbobi kada su salwanta. Sai a 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, a 1809 kuma aka kafa Sakkwato.

Cikin waɗannan shekaru ne, wajen 1807, aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a 1817 Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuma ya zama wazirinsa. Ke nan Asma'u ta zama uwargida a ɗaya daga cikin gidajen da suka fi kowane hidima a Sakkwato, gidan da baƙi ba sa yankewa. Har Baturen nan ɗan yawon bincike, Kilafaton, da ya zo Sakkwato a 1824, a hannun Giɗaɗo ya sauka. Ga 'ya'ya, ga miji, ga baƙi. Duk da haka aure bai raba ta da karatu ba, domin ta sami miji wanda shi ma marubuci ne, ya san darajar abin da take yi. Bayan rasuwar Shehu ta ba da ƙarfinta wajen tattara rubuce-rubucensa da adana su.

Hanya biyu a gabanta

Littafinta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, wanda ta rubuta da Larabci a 1820, tana da shekara 27. Ya yi magana a kan halayen da ke kai mutum ga tsira da kuma bin Sunna. Bayan shekara biyu, a lokacin da Sakkwato ke cikin fargabar yaƙi, ta yi wata waƙa da Fillanci wadda in aka tattara haruffan farko na baitocinta sai su ba da wata aya ta Suratul Inshirahi, wadda ke yi wa mutum bushara da samun sauƙi tare da tsanani. Wannan aiki ne na gwanaye. Malamai sun san ta, sun yarda da ilminta, har daga baya ta yi wa wani malami da ya zo daga Shingiɗi ta ƙasar Muritaniya waƙar maraba da Larabci.

To, a nan ne hanya ta rabu biyu. Da ta so, da ta zauna cikin manyan malamai tana ta rubutu da Larabci mai zurfi, suna yaba mata tana yaba musu, sunanta ya yi nisa. Babu mai ganin laifinta. Amma sai ta duba bayan katangar gidanta.

Me ta gani? Yaƙi ya ƙare a wasu wurare, a wasu yana ci gaba, kuma ya bar dubban mata a ƙauyuka da garuruwan ribaɗi. Wasu zawarawa ne, wasu an kamo su ne a yaƙi an raba su da danginsu. Yawancinsu Hausa suke ji, ba su san ko harafi ɗaya ba. In ɗa ya yi zazzaɓi, ko haihuwa ta zo da gardama, ko zuciya ta ƙuntata, wurin 'yan bori suka san zuwa, domin nan ne kaɗai ake sauraron kukansu. Malamai suna ta rubuta littattafai, amma babu wanda yake isa ga waɗannan mata. Alhali kuwa su ne masu goyon 'ya'yan da za su zama jama'ar gobe.

Asma'u ta yanke shawara cewa waɗannan su ne mutanenta. Manufarta ke nan: ta kai ilmi ga macen da ilmi bai taɓa zuwa ƙofarta ba. Ki lura da kyau, domin duk sauran abin da ta yi daga wannan shawara ya fito.

Yadda manufa ta tsara mata aiki

Da farko ta tsara mata harshe. In da malamai take magana sai ta yi Larabci. In da danginta Fulani ne sai ta yi Fillanci. In kuwa da talakawa ne, musamman matan karkara, sai ta yi Hausa, a rubuce da ajami. Ba ta ɗauki fassara ƙaramin aiki ba. A 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta ta Fillanci zuwa Hausa, ita ce ake kira Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗi ga masu mulki da talakawa baki ɗaya a kan zalunci da cin amana. Wasu ayyukan nata ma ta fitar da su da harshe biyu ko uku, don kowa ya samu da harshen da yake mafarki da shi.

Na biyu, ta tsara mata siffar rubutun. Macen da ba ta iya karatu ba, me za ta yi da littafi? Amma kowace mace ta iya riƙe waƙa. Ana daka ana waƙa, ana niƙa ana waƙa, ana kaɗi ana waƙa. Saboda haka Asma'u ta zuba darussanta cikin baitoci masu amsa-amo, masu sauƙin haddacewa. Ta yi wata gajeriyar waƙa mai suna Sunago wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114, yadda mace za ta riƙe su a ka. Ta yi Begore da Kiran Ahmada a kan rayuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta yi Goɗaben Gaskiya a kan hanyar da Musulmi zai bi. Ta yi waƙar roƙon ruwa. Tarihin hijira da yaƙoƙin da ta gani da idonta ma ta tsara shi da Fillanci a 1839, aka kira shi Filitago, daga baya aka mayar da shi Hausa da sunan Waƙar Gewaye. A ƙarshen waƙoƙinta da yawa takan sa shekarar da ta yi su da ramzi, watau lissafin haruffa, shi ya sa har yau aka san lokacin da ta rubuta su.

Na uku, ta tsara mata waɗanda za ta yaba. Wannan wuri ne da ya kamata ki tsaya ki yi tunani. Muhammadu Bello ya rubuta wani littafi da Larabci a kan mata salihai na tarihi, ita kuma ta mayar da shi waƙa, wadda ta Hausar ake kira Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. Ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa, ta ambaci irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta ƙara da matan jama'arta waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu. Watau tana nuna wa matar ƙauye cewa wannan daraja ba ta ƙare a Makka da Basra ba, ana iya samunta a nan gida.

Haka kuma waƙoƙinta na ta'aziyya. Ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa ƙawarta A'ishatu. Amma ta kuma yi wa wata maƙwabciyarta mai suna Halima, saboda kirkinta da zaman lafiyarta da mutane. Ta yi wa wata Zaharatu, wadda aikinta shi ne koyar da mata, da zuwa wurin mai naƙuda, da wankan gawa. Waɗannan mata ba su da sarauta, ba su da dukiya. Ba don alƙalamin Asma'u ba, da tuni ƙasa ta rufe sunansu kamar yadda ta rufe na dubbai. Kuma ko da ta zo kan manya, halin kirki da tausayi da riƙon amana take yabo, domin abin da take so masu sauraronta su kwaikwaya ke nan.

'Yan Taru da malfa

Saura tambaya ɗaya. An yi waƙa, to, wa zai kai ta ƙauye? Matar aure mai goyo ba za ta bar gidanta ta yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato ba. A nan ne Asma'u ta yi dabarar da ta fi kowace shahara. Tun daga shekarun 1830 ta kafa tsarin da ake kira 'Yan Taru. Daga kowane gari sai a sami dattijuwa mai hankali da mutunci, wadda ta wuce shekarun haihuwa, a naɗa ta shugaba. Ana kiranta jaji, sunan da fatake ke kiran mai jan ayari. Jaji takan taho da ayarin tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana, su zauna gaban Asma'u su haddace waƙoƙi, su ji bayaninsu, su yi tambayoyi a kan tsarki da salla da zaman aure da sauran abin da ya dame su. Sa'an nan su koma gida su shiga ɗaki-ɗaki suna koya wa matan da ba su sami zuwa ba. Abin da suka kawo mata na kyauta, irin su hatsi da zuma da man shanu, takan raba wa mabukata.

Kowace jaji Asma'u takan ba ta malfa, a naɗe da jan rawani. Kin san me ya sa? A ƙasar Gobir, Inna, watau babbar mace ta gidan sarauta wadda ke shugabantar bori, da irin wannan shiga aka san ta. Matan karkara sun saba girmama mai wannan alama. Asma'u ba ta tsaya zagin abin da suka saba da shi ba. Ta ɗauki alamar da idonsu ya sani, ta ɗora ta a kan malama. Daga ranar, duk inda aka hango malfa da jan rawani tafe, an san saƙon Nana ne ya iso, an kuma san irin saƙon: ilmi ne, da gyaran hali, da taimakon marayu da marasa lafiya. Ɗaya daga cikin waɗannan jajis, mai suna Hawa'u, da ta rasu, Asma'u ta yi mata waƙar ta'aziyya tana tuna yadda take jan ayari shekara da shekaru ba gajiya.

Kin ga yadda tambari ke samuwa. Ba malfar ce ta jawo wa aikin daraja ba, aikin ne ya jawo wa malfar. Da jajis sun zo da ƙarya ko kwaɗayi, da malfa ta zama abin dariya cikin damina ɗaya.

Asma'u ta ci gaba da rubutu har tsufanta. Ta rasu a 1864, tana da shekara 71 ko kusa da haka, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Zuriyarta kuma suka adana takardunta, musamman gidan waziran Sakkwato. A wurin Waziri Junaidu, wanda jininta ne, wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd ta sami yawancinsu. Ta buga tarihin Asma'u a 1989, sa'an nan a 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukanta. Abin da aka samu na rubutunta ya kai wajen 60.

Abin da ya rage gare ki

To, 'yar makaranta, wataƙila kina cikin masu sha'awar zama marubuta. Madalla. Sai dai a wannan zamani da kowa ke iya rubutu a wayar hannu ya watsa wa duniya, da yawa sun juya abin. Suna fara neman suna tukuna, sa'an nan su nemi abin faɗa. Yau su kwaikwayi wannan, gobe su kwaikwayi wancan, duk inda tafi ya fi ƙarfi nan suke karkata. Mai yin haka, in an cire sunanta daga rubutun, ko ita kanta ba za ta gane nata ba ne. Kuma ranar da tafi ya tsaya, alƙalami ya tsaya.

Kafin ki rubuta komai, yi wa kanki tambayoyin da rayuwar Asma'u ta amsa. Don wa nake rubutu? Kada ki ce don kowa, domin mai dafa wa kowa ba ta gamsar da kowa. Ki sa mutum ɗaya a gabanki: ƙanwarki da ke shirin barin makaranta, ko amaryar da ba ta san inda za ta kai kukanta ba. Me nake so ya canja a rayuwarta bayan ta karanta? Da wane harshe, da waɗanne kalmomi, za ta fi gane ni? Ta wace hanya rubutun zai isa hannunta? In kin sami amsa, ki rubuta ta cikin jimla ɗaya a shafin farko na littafinki. Duk ranar da kika rasa abin rubutawa, ko aka yabe ki har kanki ya fara girma, ko aka kushe ki har gwiwarki ta yi sanyi, sai ki koma ki karanta wannan jimlar.

Ke kuma uwargida, kada ki ce wannan zance na 'yan boko ne, ko ki ce aure da 'ya'ya sun rufe miki ƙofa. Asma'u tana cikin hidimar gida ta yi duk abin da kika ji. Akwai abin da kika sani wanda wata ba ta sani ba: yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro yana zawo, yadda ake tattalin ɗan jari har ya girma, labarin kakarki da irin wahalar da ta sha ta reni gida. In kin iya rubutu, da boko ko da ajami, ki rubuta. In ba ki iya ba, ki faɗa wa 'yarki ta rubuta, sa'an nan ki nemi ajin yaƙi da jahilci ko Islamiyyar matan aure mafi kusa da ke. In kuwa kin iya, to, akwai maƙwabciyar da ke jiran ki zama jajinta.

Abu ɗaya kuma ga iyaye mata. Da an cire Asma'u daga karatu tana shekara 11 saboda wahalar zamani, ko an ce aure ya ishe ta, da babu 'Yan Taru, da babu wanda ya san Zaharatu ko Halima. Yarinyar da ke gabanki da allo ko da littafi, ba ki san mata nawa ne ke jiran abin da za ta koya ba. Ki bar ta ta yi karatu.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya ba mu ikon amfanar da 'yan'uwanmu da ɗan abin da muka sani. Sai mun sake saduwa a wannan fili.